Dalma a Ƙarƙashin Noti

Shekara arba'in da uku na yi ina gyaran rediyo da talabijin, ban taɓa barin bakin waya tsirara ba. Wanda ya koya mini aiki, Allah ya ji ƙansa, in ya ga silin jan ƙarfe ɗaya ya leƙo daga haɗi ba ya magana, ƙeyarka ce za ta ji bayani. Ka fere waya, ka murɗa, ka shafa mata dalma har ta yi sheƙi, sannan a ce ka yi aiki. Da wannan na tashi, da shi na ciyar da gida, kuma shi ne ya jawo abin da zan faɗa muku.

Matata Malama ake ce mata, don shekara talatin ta yi tana koyar da 'yan firamare. Ni ma haka nake kiran ta, da farko don tsokana, daga baya ya bi bakina. Mace ce mai magana. In ta dawo daga makaranta tun daga bakin titi nake jin ta tana yi wa wani faɗa a kan ya zubar da shara a kwata. To wata safiya ɓarin jikinta na hagu ya shanye, maganar ta tafi gaba ɗaya. Tana ji, tana gane komai, idonta yana nan da kaifinsa, amma baki ya ƙi. Hannun dama kaɗai ya rage mata, shi ma ba wani ƙarfi.

'Ya'yanmu biyu. Babban yana wani gari, tafiyar awa biyar a mota, matarsa nas ce, gidansu cike da mutane. Auta tana nan cikin gari tana koyarwa a kwalejin fasaha, ni Injiniya nake ce mata in ina son in ja ta. Ranar da aka sallamo Malama daga asibiti, ko takalmi ban cire ba Babban ya ce zai tafi da ita.

"Baba, ba raini ba ne," in ji shi. "Kai kaɗai ne a gidan nan. Kana shago, tana ɗaki. In ta buƙaci wani abu, da wane baki za ta kira ka?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Shekara arba'in da ɗaya muna ɗaki ɗaya da matar nan, yau kai ne za ka koya mini jinyarta?"

Auta ce ta shiga tsakani. Ta ce, "Yaya, ka ba ni wata biyu. Zan haɗa mata abin da za ta riƙa kiran Baba da shi. In ya yi aiki, ta zauna a ɗakinta. In bai yi ba, ni da kaina zan haɗa mata kaya." Ya ce to, wata biyu. A kan haka aka rabu. Ƙanwar Malama za ta riƙa zuwa da sassafe ta yi mata wanka kafin ta wuce aiki, sauran yinin nawa ne.

Shagona a jikin gidan yake, ƙofa ɗaya ta kalli titi, ɗaya ta kalli tsakar gida. Daga tebur ɗina zuwa gadon Malama taku ashirin da shida ne, na ƙirga. Asabar ta farko Auta ta zo da wani abu a cikin jakarta, ta ajiye a kan tebur ɗin ta ce kwamfuta ce. Na ɗauka na juya. Allo ne guda ɗaya, bai fi kwalin ashana biyu ba, a gefensa an jera 'yan haƙora arba'in, layi biyu, sun matsu kamar haƙoran mataji.

Na ce, "Wannan ce kwamfutar? Ina sauran ta?"

Ta yi dariya ta ce ita ke nan. Ta hanyar haƙoran nan take ji, ta hanyarsu take ba da umarni. Za a sa madanni babba a ƙarƙashin hannun Malama, waya ta taho daga can zuwa haƙori ɗaya. In ta danna, kwamfutar ta ƙirga sau nawa, ta buga ƙararrawa a shago daidai yawan dannawar, ta kuma rubuta lokacin. Ɗaya ruwa, biyu bayi, uku ka zo da gudu. Ƙararrawar tawa ce, na ciro ta daga wani tsohon tarho na tebur da ya yi shekara ashirin a ƙarƙashin kantar shago, na goge ta na sa mata mai.

Gwajin farko a kan tebur muka yi, da wasu siraran wayoyi masu launi da ake cusawa a kan haƙoran. Ya yi aiki, sai dai abu ɗaya ya dame ni. In ka danna, ƙararrawar ba ta bugawa nan take, sai ta jira daƙiƙa uku. Na tambayi dalili.

"Don a bar ta ta gama maganarta, Baba. Wataƙila za ta ƙara dannawa. Kai ma da haka kake yi mata, da an zauna lafiya."

Na ce mata 'yar banza. Amma wayoyin nan sun ba ni haushi ƙwarai. Ka ɗan ja tebur ɗaya ta fice, ka mayar da ita ka rasa ko haƙori na biyar ne ko na shida. Na ce kawo in liƙe su da dalma a huta. Na kunna ƙarfen dalma, na ɗauko shi, na kai shi kusa da haƙoran. Sai hannun ya fara abin da ya saba. Shekara uku ke nan yana rawa, kuma ba wanda na gaya wa. Manyan haɗi ina iya yi in na dafa gwiwar hannuna a tebur, amma haƙoran nan tsakaninsu bai kai ƙwayar shinkafa ba. Bakin ƙarfen ya yi ta lilo a kansu. Auta ta gani, ta kau da kai tana neman wani abu a jaka da na san ba ya ciki. Na ajiye ƙarfen na ce hasken shagon ne ba shi da kyau yau.

Asabar ta biyu ta zo da wani allon, kore, ya ɗan fi kwamfutar faɗi. A ƙasansa akwai ramuka da suka yi daidai da haƙoran nan arba'in, sai ka ɗora shi ka danna ya zauna. A samansa kuwa an baje haƙoran, kowane ya samu ɗan gidansa mai rami da noti, an rubuta lambarsa a gefe da farin rubutu wanda ko ba tabarau ina iya karantawa. Ka sa waya a rami, ka ɗaure noti da sukudireba, shi ke nan. Ba wuta, ba dalma. Ba ta ce don hannuna ta sayo ba, ni ma ban tambaya ba, amma mu biyun mun sani.

Ta rubuta mini a takarda: waya shida, kowace da lambar da za ta shiga. Biyu na madanni, sauran na ɗan makunnin da ke tayar da ƙararrawa. Ni zan ja doguwar wayar ta bi bango daga ɗaki zuwa shago, in saka komai a akwati in kafe. Da za ta tafi ta tsaya a bakin ƙofa.

"Baba, abu ɗaya. Kar ka shafa wa bakin wayar dalma. Ka fere, ka murɗa, ka sa, ka ɗaure."

Na ce, "A bar ta tsirara?"

"E. Dalma tana da taushi. Noti zai danne ta yau, ya yi kamar ya kama, amma a hankali sai ta kwanta ta ba shi wuri, ya saki. Jan ƙarfe zalla ba ya yin haka."

Na ce na ji. Wallahi na ce na ji. Amma a raina cewa nake, yarinyar da na koya wa riƙe filaya tana aji uku, yau ita ce take gaya mini halin dalma? Litinin da safe na ja wayar, na kafe ta tsaf a bin bango. Na fere baki shida na jera su a kan tebur, silinsu a warwatse kamar tsohuwar tsintsiya, na ji kamar maigidana da ya koya mini aiki yana tsaye a bayana. Kuma akwai abin da ban faɗa wa kowa ba sai yanzu. Shafa wa bakin waya dalma shi ne aikin dalma ɗaya da hannuna yake iya yi ba kuskure, don ba ya son saiti, ka ɗora kawai ta sha. Abu ne na Malama. Na so a ce akwai aikin hannuna na gaske a ciki, ba ɗaure noti kaɗai ba wanda kowa zai iya. Na kunna ƙarfen na shafe su duka shida, suka fito sumul suna ƙyalli. Na tura kowace har robar ta taɓa bakin ramin yadda ba a ganin komai, na ɗaure tamau, na rufe akwatin na kafe shi a bango kusa da ƙofar tsakar gida.

Abin ya yi aiki, kai, ya yi aiki! Ranar farko da ƙararrawar ta buga sau ɗaya na tashi har na ture kujera. Na kai mata ruwa, ta sha, ta dube ni, ɓangaren bakinta mai rai ya ɗan ɗaga. Tun ranar da ta kwanta ban ga haka ba. Cikin sati guda ta mayar da madannin bakinta. Wani lokaci ta buga ɗaya, in je da kofi, ta kau da kai, ba ruwan take so ba, so take in zauna. Sai in zauna a bakin gado in ba ta labarin wanda ya kawo rediyon da kyankyasai suka yi gida a ciki. Telan da ke maƙwabtaka da ni in ya ji ƙararrawar sai ya ɗaga murya ya ce, "Maigida, ana kira a ofis!" In ce masa ya ji da ɗinkinsa da ba ya taɓa gamawa a kan lokaci.

Auta tana zuwa duk Asabar ta duba abin da kwamfutar ta rubuta, ta gyara wani abu a cikin umarnin, ta kira yayanta ta karanta masa. Sau goma sha huɗu ranar Talata, sau tara ranar Laraba. Ba ta taɓa buɗe akwatin ba, don aikin Baba ne, wa zai bi bayan aikin Baba? Ni kuwa da can duk rabin awa sai na leƙa ɗakin. Da ƙararrawa ta zo sai na koma duk awa, daga nan na daina leƙawa sai an kira. Na saki jiki.

Ranar Talata ta sati na shida aka kawo mini wata babbar rediyo ta dā, irin mai katako, wadda rabona da ganin irinta an fi shekara goma. Na duƙufa a kanta tun wajen ƙarfe goma. Tela ya leƙo da kofin shayinsa muka yi ta hira a kan yadda kayan yanzu ba sa ƙarko. Har na ce masa, "Yau Malama barci take sha, tun ruwan da ta nema da safe ba ta sake kirana ba." Da bakina na faɗi haka, ina murmushi. Sai da agogo ya kusa ƙarfe ɗaya na miƙe in kai mata abinci.

A ƙasa na same ta, tsakanin gado da ɗan tebur. Ta yi ƙoƙarin kaiwa ga kujerar bayin da ke gefen gado da kanta, jikin ya ƙi ta. Goshinta ya bugi bakin tebur ya fashe, jinin har ya fara bushewa. Zaninta ya jiƙe. Madannin yana cikin hannunta, ta riƙe shi gam, babban yatsanta yana kai yana dannawa, yana dannawa, ko da ta gan ni bai tsaya ba. Yatsan ya yi ja. Ba ta yi kuka ba. Malama mace ce mai tsafta da jin kai, wadda ko ɗigon miya a riga ba ta yarda a gan ta da shi, ga ta kwance cikin wannan hali ban san awa nawa ba, ni kuwa ina taku ashirin da shida daga nan ina yabon rediyo.

Aka yi mata ɗinki huɗu a goshi. Ƙashi bai karye ba, mun gode Allah. Auta ta zo asibitin a rikice, ta ce gobe da safe za ta zo ta binciki kwamfutar.

Laraba kafin ta iso na ɗauki sukudireba na buɗe akwatin. Tun a hanyar asibiti na sha jinin jikina. Na ja wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ta lamba goma sha bakwai, wadda ta taho daga madanni, ko ja ban yi ba ta biyo yatsana. Na ɗaga ta ga haske. Bakin da na bari sumul ya baje, ya dushe, ga sawun notin a kwance a kansa. Daidai yadda yarinyar ta faɗa. Duk buga ƙofar da nake yi ina shiga ina fita ya taimaka ta zame.

Abin da na yi bayan nan ya fi shafa dalmar muni, kuma ba zan ƙawata shi ba. Na mayar da wayar cikin raminta na ɗaure. Na bi sauran biyar ɗin, kowane noti ya karɓi rabin juyi. Na rufe akwatin, na share ƙurar da ta nuna an taɓa shi, na koma na zauna a tebur kamar ban san komai ba.

Auta ta zo ta danna madannin, ƙararrawa ta buga. Ta sake, ta buga. Sau ɗari biyu ta gwada a ranar, bai ƙi ko sau ɗaya ba. Ta duba abin da kwamfutar ta rubuta ranar Talata: ƙarfe tara da minti arba'in, dannawa ɗaya, daga nan babu komai, kamar uwarta ba ta taɓa kira ba. Ta bi umarnin da ta rubuta layi-layi. Ta canza abin ba da wuta. Ta buɗe akwatin ma ta ja wayoyin, ta same su daram, ta ce, "Naka ɓangaren lafiya lau, Baba. Nawa ne." Na ja bakina na yi shiru.

Kwana uku tana zuwa daga wurin aiki kai tsaye, ta zauna a kan benci a shagona da kwamfutarta a cinya, ko ruwa ba ta nema. Ranar Juma'a na ji ta a tsakar gida tana magana da yayanta a salula. "Yaya, ban gano ba. Abin da ban san dalilinsa ba kuwa ba zan iya cewa ba zai sake ba. Ni na sa Mama ta dogara da shi. Ka zo." Ta kashe, ta jingina da bango ta yi kuka mara sauti. Ina tsaye a bayan ƙofa da sukudireba a aljihu. Malama kuwa tun da muka dawo ba ta taɓa madannin ba. In na sa mata shi a ƙarƙashin hannu sai ta ture shi da bayan yatsu.

Asabar da hantsi Babban ya iso, ya kwantar da kujerun bayan motarsa ya shimfiɗa katifa. Muka zauna a falo mu uku. Auta ta fara bayani, kanta a ƙasa, tana cewa laifinta ne, ta yi gaggawar sa abin gwaji a kan mara lafiya. Na kalli 'yar nan da ta rame cikin kwana uku, na ji na tsani kaina. Na miƙe na je shago na kwance waya ta goma sha bakwai, na yanko bakinta, na dawo na ajiye a tafin hannun Auta.

Ta duba. Ba ta buƙaci bayani ba, amma na yi. Na ce na shafa dalma bayan ta hana ni. Na ce ranar Laraba na same ta a sake na ɗaure na yi shiru. Na faɗi komai, har da hannuna da ke rawa shekara uku, na ɗaga shi suka gani.

Auta ta daɗe tana juya guntun wayar. Da ta ɗago, abin da ta ce kawai, "Baba, kwana uku." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Babban bai ɗaga murya ba, shi dama ba mai faɗa ba ne, uwarsa ce mai faɗan. Ya ce, "Dalmar ba ta dame ni ba, Baba, kowa yana kuskure. Awa ukun da ba ka leƙa ba ne suka dame ni. Da kuma notin da ka ɗaure ka yi shiru."



Auta ta share fuskarta ta ce tunda an san ciwon, yana da magani. Muka je shago mu uku. Ta miƙo mini filaya. Na datse sauran bakin da ke da dalma, na fere duka shida, na murɗa silin da yatsu, na sa su tsirara kamar yadda aka ce mini tun farko, na ɗaure. Hannuna yana rawa, ba wanda ya karɓe ni. Ta bi bayana ta ja kowace da ƙarfi, ta auna da mita, ta sa yayanta ya je ya danna sau ashirin. Duka ashirin suka zo.

Sannan ta ce, "Sati shida muna magana a kan Mama, ni da kai da Yaya, ba wanda ya tambaye ta. Ga shi kuwa tana da bakin amsawa. A tambaye ta. Ɗaya ta zauna, biyu ta tafi."

Babban ya ce ya yarda, duk abin da ta zaɓa shi ne. Amma ya ce in zauna a shago, don in ina tsaye a kanta ba za ta iya faɗin ranta ba. Na so in yi gardama, sai na ga gaskiya ya faɗa. Na roƙi minti biyu kawai.

Na shiga na durƙusa a bakin gadon. Na ce, "Malama, ba na'urar Auta ba ce, ni ne. Kin kira, ni na toshe hanyar da taurin kaina, kuma ban leƙo ba. Yanzu an gyara. Ki yafe mini." Ta dube ni da idon nan nata da take duban ɗalibin da ya zo da uzuri. Sannan ta miƙo hannun dama a hankali ta kama wuyan hannuna, wanda ke rawar, ta riƙe. Rawar ba ta tsaya ba, har nata hannun ya riƙa motsi tare da nawa. Ta daɗe tana kallon hannayen biyu kafin ta saki. Na sa mata madannin a ƙarƙashin yatsu, wannan karon ba ta ture ba.

Na koma shago na zauna a kujerata. Tela ya leƙo zai yi tsokanarsa, ya ga fuskata ya koma. Rana ta cika titi, motoci suna wucewa, wani yana ta kiran wani a tsallake. Ina jin muryar Auta daga ɗaki tana maimaita tambayar a hankali, sau biyu, don kar a ce ba a fahimta ba. Daga nan shiru. Na san ko ta danna sai an jira daƙiƙa ukun nan, na zuba wa ƙararrawar ido ina ƙirgawa ba tare da na san daga ina zan fara ba.

Ta buga ɗaya. Na ce ya Allah a tsaya nan.

Ta buga ta biyu.

Ban san lokacin da na miƙe na buɗe akwatin ba. Na kama waya ta goma sha bakwai na ja, ina fatan ta biyo ni. Wayar da ta saki tana iya taɓawa ta rabu ta sake taɓawa, dannawa ɗaya ta zama biyu, kowane mai gyara ya san wannan. Shekara arba'in da uku ban taɓa roƙon Allah ya sa a samu aibu a aikina ba sai ranar. Na ja ta, na girgiza ta, na bi sauran biyar ɗin. Ko motsi ba su yi ba.

Auta tana tsaye a bakin ƙofa, ban ji zuwanta ba. Idonta ya cika.

"Na ga yatsanta, Baba. Sau biyu ta danna."

Na ce, "Kin tabbata?"

"Na tabbata. Haɗinka lafiya yake."

Ko tsoro ne ya sa ta, ko tausayin hannun da ta riƙe, ban sani ba, ita kuma ba ta da yadda za ta gaya mini, don a madannin ba mu ware wa wannan amsar lamba ba. Na mayar da murfin akwatin, na ɗaure notunansa huɗu, na sa sukudireba a aljihu. Sannan na shiga ciki in haɗa mata kaya, don ni kaɗai na san wane magani ne na safe, wane ne na yamma.